Ranar da Aka Shafe Sarkin Ganuwa

Douwe Sikkema ya fi shekara ashirin yana zana fuskokin mutanen garinsu, wani ƙaramin gari na bakin teku a ƙasar Friesland, amma bai taɓa samun aiki irin wanda dattawan ganuwa suka ba shi ba. Su biyar ne, su ke kula da doguwar ganuwar ƙasa da ta tare teku daga gonaki. Sun gina sabon zauren taro, suna son hotonsu su duka zaune a tebur, babba, wanda zai cika bango guda. Kafin wannan, abin da Douwe ya saba samu bai wuce matar mai gidan burodi da ke son a rage mata haɓa ba, ko manomin da ke son a zana shi tare da bijiminsa. Ranar da aka ƙulla maganar, matarsa Aukje ta soya kifi da man shanu, abin da ba ta yi sai ranar biki.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Shugaban dattawan, wanda ake kira sarkin ganuwa, Hessel Bottinga ne, dogon tsoho mai manyan gonaki da ƙaramin haƙuri. Tun farko shi bai so a yi hoton ba, rinjayarsa aka yi, sai ya huce a kan mai zane. Bai taɓa kiran Douwe da sunansa ba, “mai shafe-shafe” yake ce masa. Zai shigo da takalma duk laka, ya faɗa kujerar tsakiya, ya ce a hanzarta, shi yana da aikin yi ba kamar wasu ba. In Douwe ya roƙe shi ya ɗan ɗaga kai, sai ya ƙara sunkuyarwa. Ya ce warin man fenti yana sa shi ciwon kai, ya sa aka wangale taga, sanyi ya yi ta kaɗa yatsun Douwe har suka sandare.

Wanda ya kawo shawarar hoton kuwa Gerlof Hoitema ne, attajirin cuku, mai fara'a da laushin murya. Shi damuwarsa daban ce. Kullum in an tashi sai ya zagayo ya tsaya bayan Douwe yana numfashi a wuyansa, ya ce zobensa bai fito ba, kafaɗarsa ta yi ƙanƙanta, kuma ina dalilin da hasken taga ya fi sauka a kan Hessel? Sauran ukun ba su da nauyi. Ɗaya tsoho ne mai nauyin kunne da ke gyangyaɗi, biyun kuma duk inda Gerlof ya karkata nan suke karkata.

Da yake ba su son ɓata yini a zaune kawai, sai suka riƙa yin taronsu yayin da Douwe ke aiki. Ba su ɗauke shi mutum mai kunne ba, kamar yadda ba su ɗauki tebur ba. A haka ne, wata ranar kaka, Hessel ya ɗauko maganar kwanar gabas. Ya ce ganuwa ta zaizaye a wurin, ya tura sandarsa ta nutse kamar a cikin man shanu, dole a gyara kafin guguwar sanyi ta zo. Gerlof ya yi murmushi ya ce da me? Ginin zaure da wannan hoton sun cinye abin da ke asusu, in kuma aka ce manoma su ƙara biya a tsakiyar kaka, za su yi bore. A bari sanyi ya wuce. Biyun suka ce haka ne. Tsohon ya farka ya ce haka ne, bai ma san me ake cewa ba.

Hessel ya kira su 'yan kasuwa marasa kunya, ya bugi tebur. Amma bai tsaya ya ja da su ba, don a ganinsa roƙo ƙasƙanci ne. Ya ce su yi yadda suka ga dama, ya juya ya kafa wa taga ido, leɓensa a tsuke, jijiyar goshinsa ta tashi.

Wannan fuskar Douwe ya yi makonni yana nema. Ya kama ta tun kafin ta canza, hannunsa yana gudu kamar ba nasa ba, kuma da ya ja baya ya duba, ya san bai taɓa zana abu mai kyau irin wannan ba. Sai a hanyar gida maganar ta dawo masa. Gonar mahaifiyar Aukje tana ƙarƙashin kwanar gabas ne, tsohuwar na zaune can tare da ɗanta Tjerk. Ya yi niyyar faɗa wa matarsa. Amma Aukje ba mai riƙe magana ba ce, kafin a tashi daga coci ranar Lahadi gari duk zai ji, kuma dattawa za su san bakin da ta fito. Ga shi an ambaci hoton a cikin abin da ya cinye asusu. Ya ce wa kansa ganuwar nan tun zamanin kakansa take tsaye, ba wannan sanyin ne zai kayar da ita ba. Ya shiga gida ya ci faten wakensa, bai gaya wa Aukje ba.

Guguwar ta zo a tsakiyar sanyi, ta kwana biyu tana duka, kuma da hantsin rana ta uku ganuwa ta fashe daidai kwanar gabas. Ruwan gishiri ya shanye gonaki har kusa da coci. Shanun Tjerk suka mutu a ɗaure cikin garke. Shi da mahaifiyarsa suka hau rufin ɗaki, suka wuni a jiƙe kafin kwale-kwale ya kai gare su. Tsohuwar ba ta ƙara tashi ba. Tari ya kama ta a gidan Douwe, a kan gadonsu, ta rasu kafin ruwan ya gama janyewa.

Gari ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, bai kuma sha wahalar samu ba. Hessel ne sarkin ganuwa, kuma babu gidan da bai taɓa gaya wa baƙar magana ba. Aka jefi tagoginsa. A coci mutane suka tashi daga bencin da yake zaune. Aukje, wadda ba ta saba zagi ba, ta ce in ta gan shi a hanya sai ta tofa masa yawu a fuska, kuma ba ta son jin sunansa a gidanta.

Hoton a lokacin yana ɗakin aikin Douwe, an kwaso shi daga zaure saboda danshi, saura labule da 'yan gyare-gyare. Can Gerlof ya same shi wata safiya, ya cire hula ya yi masa ta'aziyya har da share ido. Daga nan ya zauna ya ce magadan gari za su yi bincike, ana iya kiran duk wanda ya taɓa zama a zauren. Ya ce shi ya san mai zane da ido yake aiki ba da kunne ba. Ya ƙara da cewa abin da yake tsoro shi ne mutane su ji wata magana maras tushe cewa kuɗin ganuwa ya tafi a hoto, don talaka in ya fusata ba ya bambance wanda ya ba da aiki da wanda ya karɓa.

Da zai fita ya tsaya gaban hoton, ya nuna tsakiya da kan sandarsa.

“Wannan kuma za a cire shi, Douwe. Mun yi shawara.”

“Yallaɓai, shi ne ya riƙe hoton duka. In aka cire shi, sauran za su zama kamar suna kallon bango.”

“To su kalli bangon. Ko kuma ka matso da ni, ai kujerar ba za ta zauna babu kowa ba.”

Douwe ya ce zai duba. Gerlof ya dafa kafaɗarsa ya ce 'ya'yansa mata uku ne, duk sun isa a zana su.

Hessel bai zo da sallama ba. Washegari da rana ya turo ƙofa, ya tsaya tsakiyar ɗaki da rigarsa mai nauyi, ya rame, gemu ya fito masa. Bai yi ta'aziyya ba. Ya ce ranar Alhamis za a zauna, kuma Douwe zai je ya faɗi abin da ya ji a zaure ranar da aka yi maganar kwanar gabas. Bai ce don Allah ba. Ya faɗe ta ne kamar yadda yake gaya wa barorinsa su kai taki gona.

Da a ce ya sauke murya ko kaɗan, wataƙila da Douwe ya rasa abin yi. Amma jin wannan muryar ya tuno masa duk yinin da ya yi yana rawar ɗari gaban buɗaɗɗiyar taga.

“Yau kuma ina da kunne, Yallaɓai? Ai na zaci ni mai shafe-shafe ne.”

“Har gobe shi ne kai. Amma kana wurin.”

“Ina wurin, na kuma ji ka ce su yi yadda suka ga dama. In faɗi wannan ma?”

“Faɗi duka. Ni ban ce ba ni da laifi ba. Cewa na yi ba ni kaɗai ba ne.”

Douwe ya juya baya yana wanke burushi a cikin kwano. Ya ce shi in yana aiki ba ya jin komai, ko tsawa aka yi. Hessel ya daɗe yana kallon ƙeyarsa, sannan ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Ranar Alhamis aka kira Douwe gaban magadan gari, ya maimaita abin da ya gaya wa Hessel: fuska yake kallo, bai ji magana ba. Dattawa huɗu suka ce su ba su tuna an taɓa kawo musu batun kwanar gabas ba. Aka tuɓe Hessel, aka naɗa Gerlof. Da Douwe ya koma gida, Aukje ta ce Allah ya ƙara, ta tambaye shi yaushe zai goge mugun daga hoton, don tana son ta tsaya ta gani.

Sai dai ya kasa farawa. Kullum da safe zai haɗa launi mai duhu, ya tsaya gaban fuskar, ya ajiye. Ba tausayin Hessel yake ji ba, in ya tuna shi har yanzu ransa ɓaci yake yi. Aikin yake jin wa zafi. Ya san yadda ya sa ɗan kore a ƙarƙashin idon, da ɗigon fari guda a gefen hanci wanda ya ta da fuskar gaba ɗaya, kuma ya san ba lalle ne hannunsa ya sake yin irin wannan ba kafin ya mutu. Ya yi tunanin yanke wurin da wuƙa ya ɓoye, ya ɗinke da sabon ƙyalle, amma ɗinkin zai nuna, Gerlof kuma ba makaho ba ne. Gerlof ɗin ya aiko sau biyu yana tambaya, na biyun babu gaisuwa.

Ranar da ya yanke shawarar shafe fuskar, ya ɗaura gyautonsa na aiki ke nan sai ga Hessel ya sake turo ƙofa. Ya ce ya ji a kasuwa yau za a binne shi, kuma bai ga dalilin da zai sa a yi jana'izarsa ba ya nan ba. Ya jawo kujera mai ƙafa uku, ya zauna daidai inda zai ga komai, ya ɗora hannu biyu a kan sanda.

Douwe ya ce ɗakinsa ne, ya fita. Hessel ya ce ya zo ya fitar da shi. Suka kalli juna. Tsohon ya girme shi da nisa, amma ƙashinsa ya fi na Douwe kauri, kuma babu alamar yana da sauran abin da zai rasa. Douwe ya ɗauki burushi mafi faɗi, ya tsoma, ya ce to ya kalla da kyau.

Ya fara da takalma da riga, don su ne masu sauƙi. Hessel ya yi ta magana kamar mai duba aikin gona. Ya ce launin bai yi kauri ba, ana hango maɓallan. Ya ce hannun hagun nan dama bai yi kama da nasa ba, gara da aka rufe. Da burushi ya iso wuya sai Douwe ya tsaya.

“Me ka tsaya yi?” in ji Hessel. “Ko ka fi jin kunyar wannan a kaina?”

“Wannan bai taɓa zagina ba.”

“Bai kuma taɓa roƙonka ka faɗi gaskiya ba, shi ya sa kuke shiri. Shafa mana. Ai sunan da na ba ka bai faɗi ƙasa ba.”

Douwe ya shafa. Ya ja layi ɗaya daga goshi zuwa haɓa, da ƙarfi har ƙyallen ya lotsa, ya sake ja, ya sake. Idon dama ne ya rage na ƙarshe, shi ma ya rufe shi.

A daidai nan Aukje ta shigo da kwanon miya da burodi. Ta ga wanda ke zaune, ta dire kwanon har ya fantsala. Ba ta tofa masa yawu ba kamar yadda ta yi alkawari, amma ta ce masa duk abin da ta tara tun ranar jana'iza. Ta ce uwarta ta haifi 'ya'ya a gonar nan, ta binne miji daga gonar nan, ga shi ta ƙare a kan rufi kamar kaza, shi kuwa yana nan da ƙafafunsa yana yawo gidajen mutane. Hessel bai katse ta ba. Ya cire hula, abin da Douwe bai taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya saurara har ta gaji.

Sannan ya ce, “Duk abin da kika faɗa na ɗauka, 'yar nan. Na ga wurin ya lalace, na faɗa, aka ƙi, ni kuma girman kai ya hana ni zagaya gida-gida in gaya wa mutanen da ke ƙasan wurin. Wannan nawa ne. Amma tun kaka akwai wanda ya sani, wanda yake kwana ɗaki ɗaya da ke. Ki tambaye shi.”

Ya mayar da hularsa, ya dogara sanda ya miƙe, ya fita. Wannan karon ya ja ƙofar ya rufe.

Aukje ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya tana kallon baƙin tabon da ke tsakiyar hoton, sannan ta juyo.

“Douwe, ka ji maganar a zaure?”

Ya fara cewa tsohon nan maƙaryaci ne, neman wanda zai ja su nutse tare yake yi. Ta ce ba wannan ta tambaye shi ba. Ya ce mutum in yana aiki hankalinsa ba ya kan magana. Ta ce wannan ta riga ta ji shi ranar Alhamis, ita ba magadan gari ba ce.

“Na ji,” in ji shi. “Ban zaci za ta fashe ba.”

“Ba kai za ka zata ba. Faɗa kawai za ka yi. Da Tjerk ya kwashe shanu ya kai tudu, da Inna ta zo nan ta yi sanyin tare da mu. Ga ɗaki nan cike da tarkacenka.”

Ya ce ya ji tsoron a ƙwace aikin. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin gishiri. Ta ɗauki tsumma ta goge miyar da ta zuba, ta koma cikin gida. Da yamma ta ɗaure kayanta a bargo ta tafi wurin Tjerk, wanda ke zaune a wata bukka da wani manomi ya ara masa.

Hessel bai tsaya nan ba. Tunda magada sun ƙi jinsa, sai ya ɗauki maganar zuwa kasuwar cuku, ya tsaya kusa da ma'auni yana gaya wa duk wanda ya wuce inda kuɗin ganuwa ya tafi. Da yawa ba su yarda ba, amma waɗanda suka rasa shanu sun yarda da rabin da ya fi musu sauƙi, wato cewa hoton ne ya cinye kuɗin. Gerlof yana da barori da karnuka, kuma rabin garin shi suke sayar wa madara. Douwe ba shi da kowa. Wata safiya ya tarar an yaɓa wa ƙofarsa kashin shanu daga sama har ƙasa. Mai gidan burodi ya daina amsa gaisuwarsa. Wani manomi da ya taɓa zana masa bijimi ya kawo hoton, ya jefa shi ta taga ya ce ya riƙe kayansa, bijimin ma yana ƙarƙashin laka.

A cikin wannan hali ya ci gaba da aikin, don ya karɓa, kuma babu abin da ya rage masa sai shi. Ya jira fentin ya bushe, ya goge Gerlof daga gefe, ya sake zana shi a kujerar tsakiya. Gerlof ya zo zama da sabuwar kwala mai ado, ya yi ta ba da labari, bai taɓa ambaton abin da ke ƙarƙashinsa ba. Da aka gama wannan sai rigima ta tashi tsakanin biyun nan da ke bin sa, kowa yana son wurin da ya bari a hannun dama. Ɗaya ya ce shi ya riga shiga majalisa, ɗayan ya ce gonarsa ta fi girma. Suka zo ɗakin Douwe ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi masa barazana, har wata rana suka haɗu a bakin ƙofa suka ci kwalar juna, maƙwabta na kallo ta taga. A ƙarshe Gerlof ya ce kada a ba kowa, a cike wurin da labule da tulun azurfa. Douwe ya zana labule da tulu.

Hoton da ya fito bai da aibun da za a nuna da yatsa. Fuskoki huɗu ne, kowacce ta yi kama da mai ita, zoben Gerlof yana walƙiya. Amma ukun suna kallon sama da kan Gerlof, domin Hessel ya fi shi tsawo, kuma Douwe bai sami ƙarfin gyara idanunsu ba. Aka rataye shi a zaure da sanyi ya fara ja da baya, aka yi walima da naman tunkiya da giya. Ba a gayyaci mai zane ba. Aka aiko masa da ladansa ta hannun wani bara.

'Ya'yan Gerlof mata uku kuwa, wani mai zane aka ɗauko daga babban birni ya zana su. Da suka haɗu a hanya Douwe ya tuna masa, Gerlof ya ce da fara'arsa ai yanzu ba lokacin da ya dace a ga Douwe yana shiga gidansa ba ne, mutane ba su huce ba. Douwe ya gane ba mutane ba ne. Gerlof ne ba ya son zama yini guda gaban mutumin da ya san abin da aka faɗa a zaure.

Hessel ya sayar da gonakinsa ya koma wurin 'yarsa a wani gari na cikin tudu. Ranar da zai tafi, kekensa na doki ya bi ta gaban ɗakin Douwe, shi kuma yana tsaye bakin ƙofa da bokiti yana wanke katako. Babu wanda ya ɗaga wa wani hannu.

Aikin fuska ya ɗauke wa Douwe a garin. Ya koma zana allunan shaguna da sunayen kwale-kwale a tashar jiragen ruwa, inda matuƙa baƙi ne, ba su san komai ba, ba su kuma damu ba. Ya kai wa Tjerk rabin ladan hoton don ya sayi 'yan maruƙa. Tjerk bai ƙi ba, amma bai ce ya gode ba, ya ce ya ajiye a kan dutse ya tafi.

Aukje ta dawo lokacin yankan ciyawa, ba don ta huce ba, sai don Tjerk ya yi aure bukkar kuma ɗaki ɗaya ce. Ta shigo da bargonta, ta duba kicin ta ce ƙazanta ta yi yawa, ta kama shara. Tana dafa abinci, tana wanke masa kaya, tana amsa masa in ya yi tambaya. Amma ta shimfiɗa wa kanta gado a ƙaramin ɗakin baya, kuma ba ta ƙara taka ɗakin aikinsa ba. In abinci ya nuna sai ta buga ƙofa da cokali ta koma.

Da kaka ta sake zagayowa, wani mai jirgin kamun kifi daga tsibiri ya ga allon da Douwe ya yi wa wani shagon igiya, ya nemo gidan. Ya ce mahaifinsa ya tsufa, yana son a zana shi kafin ya tafi, sai dai tsohon masifaffe ne, ya riga ya kori mai zane ɗaya da sanda. Aikin zai ɗauki kusan wata guda, can tsibirin za a zauna. Douwe ya tambayi girman da ake so da irin hasken ɗakin, ya ce ya karɓa. Ya shiga ya gaya wa Aukje tana yanka albasa. Ta ce jirgin yaushe zai tashi, ya ce jibi. Ta ce to ya fito da safunansa masu kauri, akwai biyu da ke buƙatar ɗinki.